Kafin Ka Ce "Bincike Ya Nuna"

Ƙannena masu karatun likitanci, jinya, unguwarzoma, haɗa magunguna da sauran fannonin kimiyyar rayuwa, akwai wata magana da ta yi arha a bakin jama'a, har ta fara arha a bakinku: "bincike ya nuna". Ana faɗarta a rediyo, ana faɗarta a wajen taron bita, mai tallar maganin basir a bakin tasha ma ya koye ta. Tambayi mai faɗar wane bincike ne, wa ya yi shi, a wace ƙasa, a kan mutum nawa, sai ka ga ya shiga kame-kame. Shi mai talla neman abincinsa yake yi. Ku kuwa gobe za a kawo muku yaro a sume, ko mace tana naƙuda, a ce ku yanke shawara, kuma abin da kuka yarda da shi ne zai shiga jikin mutum. Saboda haka ya zama wajibi ku san inda ake ajiye binciken nan da ake ta ambato, ku iya zaƙulo shi, sannan ku san abin da ba a ajiye a wurin ba. Wannan na ƙarshe shi aka fi yi wa sakaci.

Mafarin abin ya daɗe. A 1879 wani likitan sojan Amurka mai suna John Shaw Billings, wanda ke riƙe da laburaren ofishin babban likitan soja, ya fara fitar da Index Medicus. Babu labari a cikinsa, babu sharhi, jerin sunayen maƙalolin likitanci ne kawai da aka buga a sassan duniya, an kasa su bisa batu. Laburaren nan shi ne ya zama Babban Laburaren Likitanci na Amurka da ke garin Bethesda, kuma an ci gaba da buga jerin a takarda har 2004. Malamanku da suka yi karatu a Zariya ko Ibadan kafin zuwan intanet sun san nauyin waɗannan kundaye. Mutum ya wuni yana bin layi da yatsa, ya kwafi sunan maƙala, ya je kanta ya tarar mujallar ba ta iso ba, sai ya aika wa marubucin kati ta gidan waya yana roƙon kofi, ya koma ya zauna jira. A 1964 aka fara sarrafa jerin da kwamfuta, a 1971 aka samar da MEDLINE wanda ake iya yi wa tambaya daga nesa, amma yawanci ta hannun ma'aikacin laburare, kuma da kuɗi. PubMed ya fito a 1996, a watan Yunin 1997 aka buɗe shi kyauta ga kowa. Yau yana ɗauke da bayanan maƙaloli fiye da miliyan 35, kuma ɗalibar jinya a Birnin Kudu tana shiga ƙofar da farfesa a Landan yake shiga.

Abu na farko da za ku gane shi ne PubMed ba ɗakin ajiye maƙaloli ba ne, rajistarsu ce. Yana ba ku suna, marubuta, mujalla, shekara, da tsakure idan akwai. Cikakkiyar maƙalar tana wajen mawallafi, wani lokaci a buɗe, wani lokaci sai an biya. Mafi yawan abin da ke cikinsa daga MEDLINE ne, wato mujallu sama da 5,000 da wani kwamitin masana ya tantance. Sai kuma wani sashe da ke shigowa daga PubMed Central, rumbun cikakkun maƙaloli na kyauta da aka buɗe a 2000. Sunayen sun yi kama, ɗalibai da yawa kan cakuɗa su, amma bambancin yana da amfani. Maƙala na iya bayyana a PubMed saboda hukumar da ta biya kuɗin binciken ta wajabta a ajiye kofi a PubMed Central, ba don an tantance mujallar an shigar da ita MEDLINE ba. In kuna shakkar wata mujalla, ku nemi sunanta a kundin mujallu na laburaren, wanda ake kira NLM Catalog, zai gaya muku ko tana cikin MEDLINE a halin yanzu.

Yanzu ga inda aikin yake. Mafi yawanku kuna shiga PubMed yadda kuke shiga Google: ku kwafo taken kundin digirinku gaba ɗaya, ku liƙa a akwatin nema, ku danna. In abu biyu ya fito, sai ku rubuta a babi na ɗaya cewa ba a taɓa yin bincike a kan wannan batu ba. In dubu goma suka fito, sai ku ɗebi biyar na sama. Duk hanyoyin biyu ɓata ne. Kafin ku taɓa kwamfuta, ku ɗauki biro ku warware tambayarku gida-gida: su wane ne marasa lafiyar, me za a yi musu, da me za a kwatanta shi, wane sakamako ake dubawa. "Sikila a Kano" ba tambaya ba ce. Tambaya ita ce: yara masu sikila da awon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shin ƙaramin awo na maganin hydroxyurea yana kare su kamar yadda awo mai ɗan yawa yake yi? Wannan tana da amsa, kuma a asibitocin Kano da Kaduna aka nemo ta, a wani gwaji mai suna SPRING da aka buga sakamakonsa a Lancet Haematology a 2022. Wanda ya rubuta "sikila a Kano" da Turanci zai iya wucewa ta gefensa bai lura ba.

Da kun warware tambayar, kowane gida sai ku tara masa duk sunayen da ake kiransa da su, ku haɗa su da OR, sannan ku ɗaure gida da gida da AND, duka da manyan baƙaƙe. OR yana faɗaɗa nema, AND yana matse shi. Akwai NOT ma, amma ku yi hattara da shi, domin yakan yar da maƙala mai kyau don kawai ta ambaci kalmar da kuka hana sau ɗaya.

Me ya sa sai an tara sunaye? Saboda cuta ɗaya kan amsa suna uku, kuma suna yana sauyawa da zamani. Ku ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina, a jihohin Arewa da Nijar da sauran ƙasashen Sahel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma sunan da aka san shi da shi yanzu shi ne "seasonal malaria chemoprevention". Amma gwaje-gwajen da aka dogara da su wajen amincewar, waɗanda aka yi a Senegal, Mali, Burkina Faso, Gambiya da Ghana, an buga su ne da tsohon suna, "intermittent preventive treatment in children". Ɗalibin da ya nemi sabon sunan kaɗai zai samu rahotannin yadda aka raba maganin, ya rasa ainihin hujjar da ta sa ake rabawa. Haka ciwon zaizayar baki, wato noma, da ke cin fuskar yara masu tamowa, wanda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominsa tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023 bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Tsofaffin maƙaloli da yawa "cancrum oris" suke kiransa.

Don magance wannan rikici ne laburaren ya ƙirƙiro MeSH tun 1960, wato ƙamus na tsayayyun kalmomi, kusan 30,000 yanzu, da ake liƙa wa kowace maƙalar MEDLINE. Ko marubuci ya ce "cancrum oris" ko ya ce "noma", alama ɗaya za a sa masa. Kalmomin a jere suke daga babba zuwa ƙarami, in kun nemi babba sai ya kwaso na ƙarƙashinsa. A da mutane ne ke karanta maƙala su sa mata alama, tun 2022 kuwa na'ura ce ke yin mafi yawan aikin, mutane na dubawa. Ku koyi buɗe shafin MeSH ku ga kalmar da ta dace da batunku. Amma kada ku dogara da shi shi kaɗai, domin abin da ya shigo ba ta MEDLINE ba ba shi da wannan alama sam. Mai wayo yana haɗa biyun: kalmar MeSH, da kalmomin da marubuta ke amfani da su a take da tsakure. Bayan kun danna nema, ku leƙa shafin Advanced ku ga yadda PubMed ya fassara abin da kuka rubuta. Wani lokaci za ku yi mamakin abin da ya ɗauka kuna nufi.

'Yan'uwana na Maraɗi da Damagaram da Yamai, ku kuna da wata matsala ta daban. In kuka rubuta sunan ƙasarku a PubMed, zai jibgo muku dubban maƙaloli a kan wani nau'in fumfuna da ake kira Aspergillus niger, ya ƙara da na yankin Neja Delta da Jihar Neja. Mafita ita ce ku yi amfani da kalmar MeSH ta ƙasar, ku ƙara sunayen garuruwa. Kuma wani kaso na abin da aka rubuta a kan lafiya a Nijar da Chadi da Kamaru da Faransanci aka rubuta shi. PubMed na ɗauke da wasu, irin na Bulletin de la Société de Pathologie Exotique, yana fassara takensu zuwa Turanci, amma da yawa ba ya ɗauke da su. Ɗalibin Katsina da ke nazarin sanƙarau ko tamowa ya tsallake abin da aka gano a Maraɗi don kawai ba ya jin Faransanci, ya yi asarar maƙwabci mafi kusa, wanda iskarsa da abincinsa da daminarsa duk irin nasa ne.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ku riƙe. Kowane rumbun bayanai mutane ne suka zaɓi abin da zai shiga cikinsa, kuma mutanen nan suna zaune a wani wuri, suna da harshen da suka fi karantawa. Akwai mujallun yankinmu a MEDLINE, kamar Annals of African Medicine da ta samo asali daga asibitin koyarwa na Sakkwato, da Nigerian Journal of Clinical Practice, da West African Journal of Medicine. Amma mujallun Afirka da yawa suna waje. Rashinsu a can wani lokaci saboda raunin aiki ne, gaskiya ɗaya ce, wani lokaci kuma saboda mujallar ba ta fita a kan kari, ko ba ta da kuɗin cika sharuɗɗan fasaha. Ko ma mene ne dalili, in tambayarku ita ce yawan masu yoyon fitsari a wata ƙaramar hukuma, ko irin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani a wani asibitin gwamnati, amsar na iya kasancewa a mujallar da PubMed bai san da zamanta ba. Don haka ku san AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda yanzu ake gudanarwa daga Afirka ta Kudu, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallu, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a cikinsa. Ku san African Index Medicus na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Afirka. Neman abu a cikinsu bai kai na PubMed daɗi ba, sai an yi haƙuri, amma wanda ya ce "ba a taɓa bincika wannan a Arewacin Nijeriya ba" bai leƙa su ba, ƙarya ya yi ko da bai yi niyya ba.

Google Scholar, wanda ya fito a 2004, kasuwa ce irin ta Kurmi: babu abin da ba za ka samu ba, kuma babu mai tsayawa a bakin ƙofa yana duba kayan da ake shigowa da su. Yana da amfani ƙwarai wajen gano kundayen digiri, rahotanni, da kofin maƙala na kyauta, kuma yana nuna muku waɗanda suka ambaci wata maƙala bayan fitarta, ta haka kuna iya bin sawun batu zuwa yau. Sai dai ba ya bayyana iyakar abin da ya tattara, kuma mujallar ƙwarai da ta bogi kafaɗa da kafaɗa suke a shafinsa. Ku shige shi bayan PubMed, ba a madadinsa ba. Rumbunan Embase da Scopus na kamfanin Elsevier, da Web of Science na Clarivate, sai makaranta ta biya. Embase ya fi ƙarfi a harkar magunguna da mujallun Turai, don haka masu haɗa magunguna su tambaya ko akwai hanyar shiga. Europe PMC kuwa kyauta ne.

In kun ga maƙala an ce sai kun biya dala talatin ko arba'in, kada ku yi saurin juyawa, kada kuma ku danna tacewar nan ta "Free full text" ku ce abin da ya fito shi ne duk ilimin da ake da shi. Yin haka tamkar barin aljihu ne ya zaɓa muku hujja. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da manyan mawallafa a ƙarƙashin shirin Hinari, wanda yanzu yake cikin Research4Life, inda makarantu da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke samun dubban mujallu, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi kaɗan a shekara. Makaranta ce ke rajista, ba ɗalibi ba, kuma kalmar sirrin tana hannun ma'aikacin laburare. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya shekara biyar a jami'a bai taɓa gaisawa da wannan mutum ba, alhali da ɗan gari akan ci gari. In hakan bai yiwu ba, ku rubuta wa marubucin ta adireshin imel da ke jikin maƙalar. Galibinsu murna suke yi wani ya nemi aikinsu.

Ga wanda ke son sanin ko wani magani ko wata dabara na aiki, shawarata ita ce ya fara da Cochrane Library kafin ya nutse cikin maƙaloli ɗaiɗai. An kafa ƙungiyar Cochrane a 1993, da sunan Archie Cochrane, likitan Birtaniya da ya yi ta ƙorafin cewa likitoci ba sa tattara sakamakon gwaje-gwajensu wuri guda. Aikinta shi ne ta nemo duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya, ta auna ingancin kowanne, ta haɗa lissafinsu. Tana da reshe a Nijeriya, a Kalaba, kuma masanan can ne suka jagoranci bitar 2012 a kan maganin daminar yara da na ambata, wadda ta nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin.

Tambarin Cochrane kansa zane ne na sakamakon gwaje-gwaje bakwai, kuma labarinsa ya cancanci ku tsaya ku ji shi har ƙarshe, domin yawanci rabi ake bayarwa. A 1972 likitoci biyu a New Zealand, Liggins da Howie, suka nuna cewa in aka yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini allurar sitiroyid, huhun jaririn yana saurin nuna, kuma mutuwa na raguwa. An yi wasu gwaje-gwaje bayan nan, ƙanana, wasu suka nuna amfani, wasu ba su nuna komai ƙarara ba, likitoci suka ci gaba da ja-in-ja. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka haɗa su wuri guda, aka ga ashe hujjar ta daɗe da cika, jarirai na ta mutuwa alhali amsar na warwatse a cikin mujallu. Nan akasari ake tsayawa. To, amma kusan duk waɗannan gwaje-gwaje a manyan asibitocin ƙasashe masu arziki aka yi su. A 2015 aka buga wani babban gwaji a Lancet, wanda aka yi a yankunan karkara na ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Zambiya da Indiya, inda aka faɗaɗa ba da allurar har a ƙananan cibiyoyin da ba a iya tantance watannin ciki daidai. Sakamakon ya girgiza kowa: ba a ga raguwar mutuwa a ƙananan jariran da ake nufi ba, a jimilla ma mutuwar jarirai ta ɗan ƙaru, mata kuma suka fi kamuwa da ƙwayoyin cuta. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wani gwajin a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, Nijeriya na ciki, inda ake da hoton ciki da wurin kula da jarirai. A 2020 sakamako ya fito a New England Journal of Medicine: mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Magani ɗaya ne, amma amsa ta danganta da inda ake ba da shi da wanda ake ba. Unguwarzomar da ta tsaya a maƙalar 1972 za ta yi kuskure, wadda ta tsaya a ta 2015 ma za ta yi kuskure. Shi ya sa duk maƙalar da kuka samu, ku duba shekararta, ku duba irin asibitin da aka yi ta, ku nemi abin da ya biyo bayanta.

Akwai kuma binciken da aka yi aka ƙi bugawa. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa suka duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka. A lissafin hukumar, 38 ne suka nuna amfani, kuma 37 daga cikinsu an buga su. Sauran 36 da sakamakonsu bai yi kyau ba, 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an buga su ta fuskar da za a ɗauka sun yi nasara. Mai karanta mujallu kawai zai rantse magungunan sun ci kusan kowane gwaji. Babu ƙwarewar nema a PubMed da za ta nuna muku abin da ba a buga ba. Maganin wannan shi ne rajistar gwaje-gwaje: ClinicalTrials.gov da aka buɗe a 2000, da PACTR ta nahiyar Afirka da ke Cape Town. Tun 2005 manyan mujallu suka daina karɓar gwajin da ba a yi masa rajista ba. A can za ku ga abin da masu bincike suka ce za su auna kafin su fara, ku kwatanta da abin da suka ba da rahoto. Mutanen Kano, da suka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan muhimmancin sanin wa ke gwada me a kan wa.

Shiga babbar mujalla ma ba ya wanke maƙala. A watan Mayun 2020 Lancet ta buga wani nazari da ya ce hydroxychloroquine na ƙara mutuwar masu korona, bisa bayanan dubban marasa lafiya da wani kamfani mai suna Surgisphere ya ce ya tattara daga asibitocin duniya. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da sashen wani gwajinta da ke amfani da maganin na ɗan lokaci. Cikin mako biyu aka janye maƙalar, domin kamfanin ya kasa ba da bayanan a duba. PubMed yana sa wa irin wannan maƙala alamar janyewa a samanta, amma kofin da abokinku ya tura muku a WhatsApp ba ya ɗauke da alamar. Kafin ku sa kowace maƙala a manazartarku, ku koma shafinta ku duba. Haka rubuce-rubucen da ke bioRxiv da medRxiv, waɗanda aka buɗe a 2013 da 2019: marubuta ne ke ɗora su kafin masana su tantance, suna da amfani don sanin abin da ke tafe, amma ba a gina shawarar magani a kansu.

Sai kuma sabon abu, manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ba zan ce kada ku taɓa su ba, suna taimakawa wajen tuno muku da wasu sunayen cuta ko warware jimla mai wuya. Amma in kuka ce su kawo muku manazarta, suna iya ƙago maƙala sukutum, da sunan marubuci na gaske, da mujalla ta gaske, da lambar shafi, alhali ba a taɓa rubuta ta ba. Kowace maƙala a PubMed tana da lambarta ta kanta da ake kira PMID. Duk abin da na'ura ta ba ku, ku neme shi a can da takensa. In bai fito ba a can, bai fito a shafin mujallar ba, ku yar da shi.

Tsakure talla ce ta maƙala, marubuci ya zaɓi abin da ya fi so a gani. Ku buɗe sashen hanyoyin bincike, ku ga mutum nawa aka fara da su, nawa suka ɓace a hanya, yadda aka raba su, da wanda ya biya kuɗin aikin. Ku riƙe littafi ko fayil ku rubuta rumbun da kuka shiga, ranar, kalmomin da kuka sa, da yawan abin da ya fito, domin ranar kare kundi za a iya tambayarku, kuma ku da kanku bayan wata shida ba za ku tuna ba. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana manazarta tana jera su. In kun buɗe asusun My NCBI, PubMed zai riƙa aiko muku da sababbin maƙaloli a kan batunku ta imel.

Wata rana ku ne za ku koma ɓangaren masu zubawa. Kundayen digiri na likitanci da jinya da yawa suna kan kanta a jami'o'inmu, da bayanai a kan garuruwan da babu wanda ya rubuta komai a kansu, ba kuwa mai iya gano su daga waje. In aikinku ya yi kyau, ku zauna da malamin da ya duba shi ku fitar da maƙala. A nan ne 'yan damfara ke jira: za ku fara samun imel daga mujallu masu manyan sunaye, suna yabon "fitaccen aikinku", suna alkawarin bugawa cikin kwana biyar in kun biya. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika wa mujallu 304 wata maƙalar bogi da ya cika da kurakurai da gangan, 157 suka karɓa. Aikin da ya faɗa irin wannan rami da wuya ya fito, domin mujallar ƙwarai ba ta karɓar abin da aka riga aka buga. Kafin ku aika, ku duba ko mujallar na cikin MEDLINE, ko DOAJ, wato rajistar mujallun da ake karantawa kyauta, ko AJOL, ku buɗe maƙaloli biyu ko uku daga fitowarta ta baya-bayan nan ku karanta da idon basira. In kuɗin bugawa ne ya tsaya muku, ku nemi shafin rangwame na mawallafin tun kafin ku miƙa aikin, domin da yawansu suna yafe wa marubutan ƙasashenmu duka ko wani kaso, amma a lokacin miƙawa ake nema, ba bayan an karɓa ba.